Saiwar Kurmi Ba ta Kowa Ba Ce

Jikokina ne suka tsokano wannan magana. Rannan ina kishingiɗe ina jin su, babbansu yana gaya wa sauran wai sana'ar da na tsufa a cikinta ba ta da wuya: a kawo mahaukaci, a jiƙa sassaƙe, a ɗura masa, ya ɓingire da barci, a jawo akuya a ba kaka. Suka yi ta dariya har da buga ƙafa. Na ce madalla da 'ya'yan zamani! Kun saba ganin masu yawo da ƙwayoyi a faranti ranar kasuwa, duk wanda ya ce wayyo a miƙa masa ja da fara, shi ya sa kuke zaton magani ɗaya ne, hauka ma ɗaya ne. Ku tambayi lokotoro, wato likitan da ke duba masu taɓin hankali a yau. In dai na ƙwarai ne, ba zai rubuta wa mutum biyu abu ɗaya don kawai an ce dukansu sun taɓu ba. Mu ma haka muka yi aiki a ƙasar Adar, tun ba a san ƙwaya ba.

Zan ba ku labarin Balki, wadda maganin da ya fi kowanne kyau a hannunmu ya kusa raba ta da ɗanta na fari, ita kuma ya kusa kai ta kushewa. Amma ba za ku gane abin da ya same ta ba sai kun san yadda aka koya mini aikin.

Da girmana na shiga sana'ar. Mijina ya rasu, na koma ƙauyenmu a gindin dutse kusa da Buza, lokacin da Nasara ke kwasar maza aikin hanya. Ƙanwar babana, Gwaggo Tsahara, ita ce mai maganin taɓin hankali a yankin, ana zuwa wurinta daga Keita har Bangi. 'Yar gajeruwa ce, amma in ta daka tsawa ƙato mai fizge-fizge sai ya zauna. Na zo da ɗokin in koyi sunayen itatuwa, sai ta miƙo mini ƙwaryar fura, ta nuna mini wani mara lafiya.

"A'i, kai ma wancan hura. Ki komo ki gaya mini yadda yas sha."

Na je na dawo na ce, "Ya sha."

"Jaki ma shina sha! Ya dube ki? Ya shinshina kahin shi kai baki? Ya rage, ko ya lashe ƙwarya? Koma!"

Damina ta zo ta wuce, rani ya zo, ina kai fura ina dawowa ina shan faɗa. Ban taɓa ko turmin magani ba. Ashe abin da nake ganin wulaƙanci shi ne rabin sana'ar.

Kayan aikinmu ba su da yawa. Akwai ƙaramin turmi na ƙirya da abinci bai taɓa shiga ba, da dutsen niƙa, da kaskon turare, da tukwane, kowacce da maganinta, ba a aron wannan a dafa wancan. Akwai ludaya manya da ƙanana, ƙaramin cikinsu bai fi ɗan yatsa zurfi ba, shi Gwaggo ta fi ji da shi. Mari na ɗaure ƙafa yana rataye a bayan ɗaki, ta tsane shi, ba ta saukowa da shi sai in ana tsoron a yi jini. Sai faifai. Duk wanda aka kawo, ba a ba shi magani a ranar farko. Gwaggo takan zuba gero a faifai, ta watsa tsakuwa a ciki, ta ɗora masa a cinya ta ce ya tsince, mu kuma mu koma gefe mu zuba ido.

Illa shi ne ya fara nuna mini amfanin faifan. Da hantsi aka kawo shi daga wajen Deule, maza na riƙe da igiya, uwarsa Amu na biye tana kuka. Ya daɗe bai runtsa ba. Ya buɗe rumbun ubansa yana rabon gero ga duk mai wucewa, yana cewa an naɗa shi sarkin duniya, kowa ya zo ya karɓi muƙami. Ni ma ya naɗa ni sarauniyar garin Tawa tun ban ajiye tulu ba. Da aka ɗora masa faifai, ya yi wurgi da shi ta saman darni, kaji suka sha biki.

Gwaggo ta ce, "Wanga mai zahi na. Ɗauko saiwak kurmi."

Wata saiwa ce mai ɗan karen ɗaci, ba ta fitowa a ƙasarmu. Fataken goro ne ke kawo ta daga can kudu, ta biyo ta Sakkwato ta sauka kasuwar Bangi. A kankare, a niƙa, a jiƙa ta kwana, a ɗiba da ƙaramin ludayin nan a zuba a kunu. In barci bai zo ba a ƙara kaɗan, gobe a sake dubawa. Ranar da Illa ya kwanta ya saki minshari, wallahi sai da na taka rawa a tsakar gida, Amu ta rangaɗa guɗa, Gwaggo ta kore mu duka don kada mu tashe shi. Daga nan ta koya mini alamun da saiwar ke bari a jiki. Hanci yakan toshe ba mura, miyau ya riƙa zuba, tafiya ta yi nauyi. Da an ga haka sai a fara ragewa a hankali.

"Saiwag ga ruwa ta," in ji ta. "Wuta taka kashewa. In kinka zuba ta inda babu wuta, itacen za ki jiƙawa, shi ƙi kamawa har abada."

Illa ya warke sarai, ya koma gona yana jin nauyin haɗa ido da mutanen da ya naɗa. Aka ba uwarsa ɗan guntun saiwa ta ƙarasa masa a gida, aka ce abin da ya rage ta maido.

Wani tsohon soja kuma, da ya dawo daga yaƙin Nasara, danginsa da sunan saiwar suka zo, don sun ji labarin Illa. Gwaggo ta ce ba kasuwa suka zo ba. Shi wannan ya tsince geron tas, ko ƙwayar tsakuwa bai bari ba, ya ajiye faifan, ya koma ya zauna inda zai riƙa ganin ƙofa. Mata suka fara daka a maƙwabta, kafin ka ce me, ƙaton nan ya shige ƙarƙashin rumbu yana rawar jiki. Firgita ce ke cinsa, hankalinsa garau. Turaren hano aka riƙa yi masa da yamma, da jiƙon sanya mai sauƙi, aka kai shi ruga wurin wasu Fulani abokan arzikinmu, inda ba ƙarar turmi ba ƙarar kamyo, wato babbar mota. Da na je duba shi na tarar ya jera awaki yana ce musu "Gardabu!" irin ta faretin soja, yana dariya, Fulanin na taya shi.

Akwai kuma waɗanda ba namu ba ne. In aka kawo mai sambatu, jiki zafi rau, wuya ya sanƙare, Gwaggo ko tabarma ba ta shimfiɗa musu, sai ta ce su kama hanyar Madawa wurin lokotoro tun rana ba ta yi ba. Mai farfaɗiya takan gaya wa iyayensa gaskiya cewa ba hauka ba ne, a raba shi da bakin wuta da bakin rijiya. Malam na ba da rubutu, mu muna ba da jiƙo, ba mu taɓa samun saɓani ba. Amma waɗanda ta fi tsoro su ne masu sanyi, waɗanda za a ɗora wa faifai a cinya, a je a dawo a tarar ko yatsa ba su sa ba. Ba sa duka, ba sa zagi, shi ya sa ba a kawo su da wuri. Su abu mai zafi ake ba su, da rana, da mutane, kuma ba a barin su su je rijiya su kaɗai.

Sai ga mummunar shekara. Ruwa ya ɗauke gero na bununi, fara ta ƙarasa abin da ya rage, gardawa, dogaran Nasara, na bin gari gari suna kwasar hatsi zuwa rumbun kumandan. Muka koma cin 'ya'yan anza na daji, a jiƙa a zubar da ruwa, a sake jiƙawa har ɗacin ya fita. Ga shi saboda yaƙi an rufe iyaka da ƙasar Ingilishi, fatake suka daina zuwa, saiwar kurmi ta ɓace daga kasuwar Bangi. Wanda ke da guntu ya ƙulle shi a tsumma ya ɓoye. A shekarar an kawo mana mutane da yawa da sunan hauka, da muka ba su kunun dusa suka ƙoshi sai hankali ya dawo. Idon Gwaggo kuma ya fara mutuwa, aikin ya koma hannuna, tana zaune tana yi mini tambayoyi.

A cikin wannan hali Amu ta iso gidanmu da rana tsaka, ƙafa duk ƙura. Ta ce amaryar maƙwabtansu ce, Balki, ta haihu, ta taɓu, ba ta iya tafiya balle a kawo ta, jaririn kuma yana ƙarewa.

Gwaggo ta juyo wajena. "Tahi ke ɗai. Idona ya ƙare, naki ya buɗe."

Na ji tsoro, amma daɗi ya fi tsoron yawa. Na ƙulle kayana, muka hau dutse muka gangara, ban ma ji tsakuwa a ƙafata ba.

Surukar Balki, Inna Rabi, ita ta tarbe ni. Doguwar tsohuwa ce mai tsabta, da gani ka san ita ke riƙe da gidan. Ɗanta Nomau, mijin Balki, an tafi da shi aikin hanya. Iyayen Balki kuwa yunwa ta kora su kudu da 'yan shanunsu, saboda haka ba ta samu zuwa gida haihuwa ba kamar yadda ake yi wa mai cikin fari, a ɗakin surukai ta sauka. Ku yaran yanzu da kuke ɗaukar ɗan fari kuna cilla shi sama a gaban kowa ba za ku gane ba. A zamaninmu mace ba ta kallon ɗanta na fari a gaban mutane, ba ta kiran sunansa, ba ta yi masa wasa, ko nono sai an matsa mata take ba shi tana kau da kai. Kunyar ɗan fari ke nan, kuma da ita ake auna tarbiyyar gidan da mace ta fito.

"Ɗiyata, ban taɓa ganin mai kunya irin yarinyag ga ba," in ji Inna Rabi. "Ko sau ɗai ba ta dubi yaron ga ba. Ba ta ci gabanmu, ba ta magana. Mata har zuwa suka yi da ɗiyansu su gani su koya. Anka yi suna, muna ta yabo. Sai daga baya munka lura ko mun hita ba ta taɓa tuwon."

Wato yarinya na nutsewa a gabansu, su kuma suna sa mata albarka. Ban ga laifinsu ba, ni ma da a gidan nake da na yaba.

Na shiga ɗakin. Tana zaune jingine da bango, 'yar siririya, idonta a ƙasa. Jaririn na gefe a kan zane, fatar cinyarsa ta yi yaushi, kukansa ma ba ƙarfi. Na gaishe ta, shiru. Na matsa kusa, sai na ji da baki take numfashi. Hancinta a toshe, ga shi ana tsakiyar zafi, ba mai mura a garin. Na duba haɓarta, miyau ya jiƙa wuyan zane. Na ɗaga hannunta na saki, ya sauka a hankali kamar ba nata ba. Na fito da sauri.

"Wa ya ba ta saiwak kurmi?"

Amu ta gyara tsayuwa, fuskarta cike da fara'a. "Ni ta. Ragowat ta Illa na ɓoye. Da anka ce ta taɓu nic ce ba ni kwana da magani ɗaka maƙwabciya na wahala. Ludayi guda muka ba ta sahe da marece, na miya, don ta samu sauƙi da wuri."

Ludayin miya! Abin da muke aunawa da ɗan mitsitsin ludayi ga ƙato mai fasa rumbu, shi ake ɗura wa mai jego da ludayin miya. Raina ya ɓaci ƙwarai. Amma da na dube ta sai faɗan ya maƙale. A shekarar da mutum ke ɓoye dusa ga ɗan'uwansa, matar nan ta kwance abin da ya fi komai daraja a ɗakinta ta ba 'yar maƙwabta, alhali ba ta da tabbacin ciwon ɗanta ba zai dawo ba. Garin gyaran gira aka kusa rasa ido. Na ce mata Illa wuta gare shi, wannan kuwa ko garwashi babu, ruwa kuke ta zuba wa toka. Ta zauna daɓas a ƙasa ta rufe fuska.

Ina so in tabbatar ba kunya ce ta rage a ƙarƙashin maganin ba. Na koma ɗaki na ɗan mintsini yaron a tafin ƙafa, ya tsala kuka, ni kuwa idona na kan uwar. Mai kunya takan kau da kai, amma jikinta na tona ta: kafaɗa ta zabura, yatsun ƙafa su motsa, wani lokaci nono ya tsatso ya jiƙa zane. Balki ko gezau. Sanyin jego ne ya kama ta tun farko, saiwar kuma ta danne ta.

Da na fito na tarar Inna Rabi ta riga ta yanke shawara. Tana da 'ya a Karofane mai goyo. Ranar kasuwar can, da an samu abokan tafiya, za ta kai mata yaron ta shayar.

"Uwa ta riga ta tahi," ta ce. "Ba ni bari ɗa shi bi ta. Mi zan ce ma Nomau in yad dawo?"

Gaskiya ta faɗa, yaron na cikin haɗari. Amma ni ma na san abin da na sani. Yaron da aka kai wani gari aka shayar ba ya dawowa hannun uwar da aka kira mahaukaciya. Nononta zai ƙafe, a jira iyayenta su dawo a miƙa musu ita. Kuma ranar da maganin ya sake ta, ta farka ta tarar ɗakin wayam, ban san abin da zai hana ta bin hanyar rijiya ba.

Na ce, "Inna, in kinka ɗauke shi, kin cece shi kin kashe ta. Ki ba ni lokaci."

"Lokaci shi ka ba shi nono?"

Sai Amu ta miƙe daga inda take zaune. "Akuyata ta haihu. Ita ɗai tar rage mini. A tatse ta dut, ɗan akuyan shi sha ruwa."

Inna Rabi ta dube mu. Ta ce kasuwa mai zuwa ta bar mini, amma ta bayanta ba ta bari. Na ce na yarda, kuma in yaron ya ƙara ramewa kafin nan, ni da hannuna zan ɗora wa jaki akumari.

Na tare a gidan. Na karɓe guntun saiwar na ɗaure a ƙuguna. Nonon akuya a tafasa, a sirka, a ɗiga wa yaro da ɗan tsumma mai tsabta, kuma duk da haka a riƙa sa shi a ƙirjin uwar ko ba ta riƙe shi ba, don kada nata ya ƙafe. Ita kuma na shiga haɗa mata masu zafi. Gero babu, amma mata suka yi karo-karo, wannan tafi guda, waccan tafi guda, muka samu na kunun kanwa. Na daka citta da masoro da kanumfari da kimba na zuba har sai da ni mai damawa na yi ta tari. Wankan jego da suka daina saboda ba ta tashi, na maido shi, ruwa mai zafi da ganyen sabara, mu biyu muke riƙe ta. Da hantsi mu fito da ita rana. Ba na barin ta ita kaɗai ko na ɗan lokaci, igiyar guga ma sai da na sa aka kawar.

Kasuwa ta farko ta zo ta wuce ba abin da ya canza. Na ji tsoro ƙwarai. Ina ɗura kunu, rabi na dawowa ta gefen baki, Inna Rabi na tsaye tana kallona. Sau da yawa na so in ruga wurin Gwaggo in ce ta zo ko a goye.

Hancin ne ya fara buɗewa. Wata safiya ina kai mata ludayi, yajin ya bugi hancinta, ta yi atishawa mai ƙarfi har kunun ya fantsamo mini a fuska. Ban san lokacin da na yi tsalle ba! Na fito tsakar gida da kunu a goshi ina kiran Amu, ina cewa ta yi atishawa, ta yi atishawa, mutanen gari suka zaci mai maganin ce ta taɓu. Bayan nan miyau ya tsaya. Ta fara haɗiya da kanta, ta fara riƙe ƙwarya. Wata rana ta yamutsa fuska ta ce, da wata 'yar murya, "Yaji ya yi yawa." Ban taɓa jin daɗin a kushe girkina ba sai ranar.

Yaron ma ya daina ramewa. Amma ko sau ɗaya ba ta dube shi ba, kuma Inna Rabi ba atishawa take jira ba. Uwa take son gani. Kasuwa ta biyu na matsowa, ta aika aka aro jaki.

Na zauna ina tunani, sai na lura da abin da ya daɗe a gabana. Tun da yarinyar nan ta haihu ba ta taɓa zama da ɗanta ba ido a kanta. In ba suruka ba, maƙwabta masu zuwa yabo, in ba su ba, ni da ludayina. Ko da zuciyarta ta fara motsi, ta ina za ta nuna? Na sa aka kafa zana a bayan ɗaki, a gindin wata aduwa, aka kewaye wurin. Da hantsi in kai ta can in shimfiɗa tabarma, in kwantar da yaron nesa da ita kaɗan, in ce da ƙarfi za mu tafi tsinkar anza, kowa ya fita. Sai in zagayo a kan yatsun ƙafa in tsuguna a bayan zanar, inda na ɗan buɗa kara. Ranar farko ta zauna kawai. Rana ta biyu na ga ta juya kai wajen kukansa, ta maido. Amma ban gaya wa kowa ba, don kada a zo kallo a ɓata mini aiki.

Ranar kasuwar Karofane ta zo. Tun da sassafe aka ɗora wa jakin akumari, aka ɗaure goran nonon akuya, abokan tafiya na jira a bakin gari. Inna Rabi ta ɗaura zanen goyo ta zo karɓar yaro. Na ce ta bar shi ya sha hantsi na ƙarshe kusa da uwarsa. Ta ce to, amma kada rana ta yi. Na kai su bayan zana, na yi sallamar ƙarya kamar kullum, na zagayo na tsuguna ina addu'a.

Yaron ya motsa, ya fara 'yar ƙara. Balki ta ɗaga kai ta dubi dama, ta dubi hagu, ta saurara. Sai ta ja jiki a kan tabarma, ta miƙa hannu ta jawo zanen da yake kai. Na tashi a hankali, na je na kamo hannun Inna Rabi, na sa yatsa a baki, na jawo ta na durƙusar da ita a bakin ramin zanar.

Balki ta ɗora shi a cinya. Ta buɗe ɗan hannunsa tana duba yatsun, ta goge masa kwantsa da bakin zane, ta sunkuya ta sa hanci a tsakiyar kansa ta daɗe tana shinshinawa. Sannan ta gyara shi da kanta ta ba shi nono, tana yi masa wata magana ƙasa ƙasa da ba mu ji ba.

Kuka ya ƙwace wa Inna Rabi, ta yi ƙoƙarin haɗiyewa ya fito kamar tari. Balki ta zabura. Nan take ta sauke yaron a kan tabarma, ta juya masa baya, ta ja mayafi ta rufe fuska har haɓa, ta yi kamar ba ta san da shi a duniya ba. Amma hannunta ɗaya na baya, ya damƙe ƙafarsa gam.

Tsohuwar ta miƙe, hawaye na bin kumatunta, tana dariya tana tafa hannu.

"Ku zo ku ga marak kunya! Ɗan hwari taka shinshina, cikin gidan surukai!"

Ta kwance zanen goyon daga ƙirjinta ta rataya a kan zanar, ta nufi ƙofar gida tana kiran a gaya wa 'yan kasuwa su tafi, ta fara kwance wa jakin akumari da hannunta.